Mangwaron Damilu a Cikin Kwalba: Ɗan Tarihin Adana 'Ya'yan Itace

'Yan uwana Hausawan Jimeta da Yola, da na Numan da Mubi da Ganye, da duk wanda neman abinci ya raba da garin kakanninsa, ina yi mana fatan alheri. Yau maganar mangwaro na zo da ita, da yadda na kusa jawo wa gidanmu ciwo saboda shi, da kuma ɗan tarihin da wannan kuskure ya sa na bi diddigi. Mai karatu ya yi haƙuri da ni, karatuna a sakandare ya tsaya, ragowar a shagon Baba nake ƙarasa shi.

Bishiyar Hajiya Kaka

A tsakar gidanmu da ke Damilu akwai wata bishiyar mangwaro da ta girme ni. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Hajiya Kaka, ita ta dasa ta a shekarar da suka tare a gidan, lokacin unguwar duk gonaki ne da fili har ka dangana da Geriyo. Asalinmu mutanen Kura ne ta Jihar Kano. Kakana ya fara zuwa Jimeta da baƙin rini da goro tun ana Lardin Adamawa, yana komawa da busasshen kifin Binuwai, har ya ga wurin zama ya zauna. Bayan rasuwarsa Hajiya Kaka ta ce ita dai a mai da ta gida, aka mai da ta Kura. Ta tafi da kayan ɗakinta duka, sai bishiyar nan ce ba ta ɗauku ba.

Kowace shekara, da zarar zafin Maris ya kankama, sai ta sa a kira mata ni a waya. "Maigida, har yanzu kana can kana cinye min mangwaro ko? To wallahi bashi kake ci." Ni kuma in ce mata, "Ai uwargida, wanda ya share ganye shi ke cin 'ya'ya." Daga nan Baba zai sa in cika kwali in kai Tashar Jambutu. Motar za ta bi ta Numan da Gombe a cikin wannan rana, kafin kwalin ya kwana a tasha a Kano ya kai Kura, rabinsa ya zama ruwa. Mu kuma a nan gida, cikin 'yan makonni bishiyar ke sauke kayanta gaba ɗaya. Mu sha, maƙwabta su sha, almajirai su kwasa, jemagu su yi nasu da dare, amma duk da haka sai na tura baro cike da ruɓaɓɓe zuwa bola. Wanda ya san Kasuwar Gwari a watan Afrilu ya san haka abin yake ga masu kawo shi da mota. Bayan wata biyu kuwa ko na magani ba ka samu.

Kuskurena na farko

A bazarar 2023 na ga wani bidiyo a waya, wata Ba'amurkiya tana dafa tuffa da sukari tana ɗurawa a kwalabe, wai za ta ajiye har shekara, duk ranar da ta yi baƙi sai ta buɗe ɗaya ta juye a cikin kwaɓin fulawa ta gasa. Abin da suke kira fai ke nan, ɗan'uwan mitfai da muka sani, sai dai nasu 'ya'yan itace ne a ciki maimakon nama. Na ce a raina, ai wannan ko ni. Na tara tsofaffin kwalaben mayonis guda shida, na yanka mangwaron da ya nuna luguf, na dafa da sukari, na zuba kastad don ya yi kauri kamar na matar, na ɗura, na murɗa murafe, na jera a ƙasan kwabet ɗin Umma inda take adana kwanukanta na gara.

Kwana tara aka yi. Muna sallar asuba muka ji "fus!" Ɗaya ta ture murfinta ta feshe kwanukan, sauran biyar murafensu sun kumbura, kumfa na tashi a ciki. Umma ta dube ni ta ce, "Kai yanzu giya ka dafa min a ɗaki?" Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙanwata ƙarama da na tarar ta sa yatsa za ta lasa. Baba bai yi faɗa ba. Ya ce kawai, "Kakanka ya yi shekara talatin yana safarar kifi bai taɓa kai wa mutane ruɓaɓɓe ba, domin sai da ya zauna a gaban masu banda ya koya. Kai wa ka zauna a gabansa?" Wannan tambaya ce ta sa na shiga karance-karance da tambaye-tambaye, kuma abin da na samo shi nake son in raba da ku.

Guzurin fatake

Abu na farko da na lura da shi shi ne, adana abinci sana'ar matafiya ce, kuma kakanninmu gwanaye ne a kanta. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro yakan yi watanni a hanya, haka masu gangarowa nan Fombina har su wuce Ngaundere da Tibati da Banyo, suna kawo tufafi suna sayen hauren giwa, kuma, mu faɗi gaskiya, har da bayi. Mutumin da zai yi wata uku daga zango zuwa zango dole ya san abin da ba ya lalacewa. Shi ya sa muka gaji kilishi da dakuwa da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir. Shi kansa goro, ɗanye ake tafiya da shi, ana lulluɓe shi da ganye, ana yayyafa ruwa, ana zazzagewa a tsince mai ƙwaro.

A fannin kayan zaƙi ma ba a bar mu a baya ba. Ana dafa ɗinya a fitar da maɗi, a ƙara dafawa ya zama alewa. Ana dafa ruwan rake har ya daskare ya zama mazarƙwaila, wadda ƙasar Maƙarfi ta yi suna da ita. Nakiya kuwa, wadda ake yi da shinkafa da zuma ko sukari da man shanu, kowace uwa ta san za ta yi watanni a cikin kwalla ba ta canza ba, shi ya sa take cikin gara tare da alkaki da dubulan. In mai karatu ya duba da kyau, dabarar guda ɗaya ce a duk waɗannan: a raba abinci da ruwa. Ko rana ta shanye shi, ko wuta ta ƙone shi, ko zaƙi da gishiri su riƙe shi yadda ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba za su same shi ba.

Su kuma 'ya'yan itatuwanmu na asali, Allah Ya halicce su daidai da wannan dabara. Tsamiya, goruba, aduwa, magarya, ɗorawa, 'ya'yan kuka, kusan duk a bushe suke saukowa ko kuma ba su da wuyar busarwa. Curin tsamiya zai shekara a rumbu. Mangwaro kuwa baƙo ne kamar mu. Asalinsa daga Indiya da maƙwabtanta yake, ya bi jiragen ruwa ya zo gaɓar Afirka, sannan ya hauro mana nan. Fiye da kashi 80 cikin 100 na tsokarsa ruwa ne. Kuma ya zaɓi ya nuna a bazara, lokacin da iskar hunturu mai busar da kaya ta wuce, hadari ya fara haɗuwa, ƙuda ya yi yawa. A kwarin Binuwai abin ya fi tsanani, ga zafin da ke haura digiri 40, ga laimar kogi. Ka shanya yankakken mangwaro a kan rufin kwano a Damilu a ƙarshen Afrilu, ƙuda da yayyafi za su riga ka. A Burkina Faso, wajen Bobo-Dioulasso da Banfora, suna busar da shi har su fitar Turai, amma a cikin na'urar busarwa suke yi. Wato dai dabarar da muka zo da ita daga gida ta gamu da ɗan itacen da ya fi ƙarfinta.

Yadda gwangwani ya hauro Binuwai

Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841. Bayan shekara 10, a watan Yuni na 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso garin a zamanin Lamiɗo Lawal, aka sallame shi bayan 'yan kwanaki. Daga shekarun 1880 kamfanin Turawan Ingila, wanda ya zama Royal Niger Company a 1886, ya fara ciniki a nan, kuma akwai lokacin da shagonsa wani tsohon jirgi ne da aka ɗaure a kan kogi. A watan Satumba na 1901 sojojin Ingila suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita. Daga nan Jimeta, wadda ke bakin ruwa, ta bunƙasa ta zama mazaunin kantuna da ma'aikata da baƙi irinmu. Jiragen ruwa kan hauro ne da damina kawai, in kogi ya cika, su sauke gishiri da yadi da kananzir, su ɗebi gyaɗa da auduga da fatu. A cikin irin kayan kanti na wancan zamani ne abincin gwangwani ya shigo mana.

Abin dariya shi ne yadda muka karɓe shi. Madarar Peak ta shigo Najeriya a 1954, yau ga shi gwangwaninta ya zama ma'auni a kowace kasuwa, Baba ma da shi yake auna wa mata gero da suga. Mun yi fitilar a-ci-bal-bal da gwangwani, mun yi asusu, mu yara mun yi motoci. Mun ci sadin da geisha, mun saba da tumatirin gwangwani har wasu matan ba sa miya sai da shi. Amma ban taɓa jin wani a gidanmu ya tambayi dalilin da kifi ke shekara biyu a cikin ƙarfe da ruwansa bai yi wari ba. Mun karɓi mazubin, ilimin da ke cikinsa ya wuce mu.

Mai alewar Faransa

Wanda ya gano wannan ilimi sunansa Nicolas Appert, Bafaranshe, an haife shi a 1749. Abin da ya burge ni shi ne sana'arsa: mai dafa abinci ne kuma mai yin alewa a birnin Faris, bai yi karatun likita ko na kimiyya ba. Ya shafe shekaru yana gwaji. Yakan zuba abinci a kwalba mai kauri, ya toshe bakin da toto ya ɗaure da waya, sannan ya nutsa kwalbar a tafasasshen ruwa na wani lokaci. Ya gwada da miya da nama da wake da madara da 'ya'yan itace. A lokacin Faransa na yaƙe-yaƙen Napoliyon, sojoji da matuƙan jirgin ruwa na fama da rashin abinci mai kyau. A 1810 gwamnati ta ba shi faran 12,000 bisa sharaɗin ya wallafa dabarar kowa ya sani, ya kuwa wallafa a littafi a shekarar. Ka ga nan ma buƙatar matafiya ce ta haifi abin.

A shekarar ta 1810 wani ɗan kasuwar Ingila, Peter Durand, ya yi rajistar yin haka a cikin gwangwani. Zuwa 1813 Bryan Donkin da abokan cinikinsa sun buɗe masana'anta a Landan suna sayar wa rundunar jiragen ruwan Ingila. Gwangwanayen farko masu kauri ne ƙwarai, da guduma da kurfi ake fasa su, sai a shekarun 1850 aka ƙirƙiro mabuɗi. Shi kuwa Appert, ya rasu a matsayin talaka a 1841, shekarar da ake aza harsashin Yola. Har ya mutu bai san ainihin dalilin da dabararsa ke aiki ba. Sai a shekarun 1860 Louis Pasteur ya nuna cewa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ke ruɓar da abinci. Zafi na kashe su, murfin da ya liƙe kuma na hana wasu shiga. Wannan ita ce hanya ta biyu: maimakon a kori ruwa, sai a kashe abin da ke cikin ruwan a rufe ƙofa.

Amurkawa ne suka shigar da abin cikin ɗakin girki. A ranar 30 ga Nuwamba 1858 wani maƙerin gwangwani, John Landis Mason, ya yi rajistar kwalba mai bakin murɗawa, wadda har yau ake kira da sunansa. A 1915 Alexander Kerr ya fito da murfi mai kashi biyu, faifai da zobe, wanda ke liƙe kansa in kwalba ta huce. Ƙasarsu na da sanyin da ke hana komai tsiro na watanni, don haka matan karkara suka mai da ɗura kayan lambu a kwalba aikin kaka, kamar yadda iyayenmu ke yanka kuɓewa. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gidajen Amurka sun ɗura kwalabe sama da biliyan 4. Matar da na gani a waya jikanyar wannan al'ada ce, ni kuwa na kwaikwayi hannunta ban san abin da ke kanta ba.

Gubar da ba ta da wari

Ga wurin da nake roƙon mai karatu ya nutsu. A 1895, a wani ƙauye mai suna Ellezelles a Beljiyam, wasu makaɗa sun ci naman da aka adana bayan wata jana'iza, da dama suka kwanta, uku suka mutu. Wani malami, Emile van Ermengem, ya bincika ya gano ƙwayar cutar da yanzu ake kira Clostridium botulinum. Tana zaune a cikin ƙasa ko'ina, har da ƙasar gidanku. Tana da wani irin ƙwai mai taurin rai wanda tafasar ruwa ta digiri 100 ba ta kashe shi. Ba ta son iska, saboda haka rufaffiyar kwalba ɗaki ne aka share mata. Gubar da take fitarwa na shanye jijiyoyi, ta fara da gani biyu-biyu da nauyin fatar ido da wuyar haɗiya, ta kai ga tsayar da numfashi. Wani lokaci abincin ba ya wari, ba ya canza kama.

Abin da ke hana ta tashi shi ne tsami. Masana na da ma'aunin tsami, kuma sun sa iyaka a 4.6: abin da lambarsa ta yi ƙasa da haka yana da tsamin da zai hana ta, don haka tafasa kwalbar a ruwa ya wadatar. Abin da ya haura haka, kamar nama da kifi da wake da kuɓewa da masara, sai an dafa shi a tukunya ta musamman mai matsin tururi wadda zafinta ke kai wa digiri 116 ko fiye. Tuffa na da tsami. Mangwaron da ya nuna luguf kuwa tsaminsa ya ragu, yana iya tsallake iyakar. Sannan ba a zuba fulawa ko kastad ko sitaci na gama-gari, domin kaurinsu na hana zafi ratsawa zuwa tsakiyar kwalba. Su Amurkawa wani sitaci na musamman mai suna Clear Jel suke sa wa. Ka ga ni na haɗa laifi huɗu: nunanne luguf, babu tsami, ga kastad, kuma ban tafasa kwalaben ba bayan na rufe. Allah ne Ya taimake ni suka yi kumfa suka tona kansu.

Masana'antun da muka yi

Kada a ce ba a taɓa gwadawa a ƙasar nan ba. Tun shekarun 1950 aka kafa masana'antar Lafia a Ibadan don sa lemo da abarba a gwangwani, Kano kuma ta yi ta naman gwangwani. Kusa da Dadin Kowa, a kan hanyar Gombe zuwa Biu, an yi kamfanin Vegfru mai tumatirin gwangwani da ruwan 'ya'yan itace, daga baya ya tsaya. A 2016 Dangote ya buɗe ta tumatir a Kadawa, nan kusa da Kuranmu, a shekarar kuma tsutsar nan Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir, masana'antar ta sha buɗewa da rufewa. A nan jiharmu ga kamfanin sukari na Savannah a Numan, wanda aka kafa a 1971, aka gina masa madatsar Kiri a kan kogin Gongola, yanzu yana hannun Dangote. Wato sukari na fitowa a Numan, mangwaro na zuba a Jimeta, tsakaninsu tafiyar kamar awa ɗaya, amma ba su haɗu a kwalba ba. In muka ce sai babbar masana'anta ta zo ta cece mu, bishiyar Hajiya Kaka za ta tsufa tana jira.

Na zauna a gaban mai sani

Malamata ashe tana bayan katangarmu. Wata dattijuwa ce 'yar Garkida, tsohuwar nas, Kirista, wadda duk unguwa ke kira Mama. A Garkida ne 'yan mishan na Amurka suka sauka a 1923, suka yi makaranta da asibiti. Da Umma ta ba ta labarin ɓarnar da na yi, sai ta yi dariya ta aiko a kira ni. Ta ce, "Ɗana, mahaifiyata ta yi aiki a gidan wata Baturiya a can, tun ina yarinya nake wanke irin kwalaben nan. Ba a yin wannan aiki da gaggawa, kuma ba a yin sa da ƙazanta. Ka zo da mangwaronka in Allah Ya kai mu baɗi." Na ce, "To Mama, na gode, Allah Ya ƙara girma."

A Afrilun 2024 muka yi. Na sa wani abokin cinikin Baba ya sayo min kwalabe goma sha biyu masu sababbin murafe daga Kano, domin tsohon murfi ba ya liƙewa yadda ake so. Mama ta ƙi karɓar duk wanda ya faɗo ƙasa ko ya yi taushi, sai wanda ya fara nuna da sauran ƙarfinsa. Muka haɗa abin da ta sani da ƙa'idar da cibiyar nazarin adana abinci a gida ta Jami'ar Jojiya a Amurka ta fitar: kofi 5 da rabi na markaɗaɗɗen mangwaro, babban cokali 4 na ruwan lemon tsami irin na kwalba domin shi tsaminsa ba ya hawa da sauka, babban cokali 6 na zuma, kashi uku cikin huɗu na kofin sukari, da garin bitamin C. Muka dafa muna juyawa, muka ɗura da zafinsa a ƙananan kwalabe masu zafi, muka bar ɗan sarari a sama, muka goge baki muka rufe. Sannan muka shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunyar Umma, muka jera su, ruwa ya shanye kansu da kamar yatsu biyu, muka ƙirga minti 15 daga lokacin da ya tafasa sosai. Jimeta a kwari take, don haka wannan lokaci ya isa. Wanda ke kan tudu kamar Jos sai ya ƙara, domin ruwa na tafasa a can kafin ya kai cikakken zafi.

Washegari Mama ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana danna tsakiyar murfi. Goma sha ɗaya sun lotsa ciki sun kame. Ɗaya ta yi motsi, ta ce a shanye ta a ranar. Ta sa na rubuta kwanan wata a jikin kowace, ta kuma kafa min doka: a ajiye a inuwa, a shanye kafin shekara, in an buɗe a gama da ita ko a sa a firij, kuma duk wadda murfinta ya kumbura ko ta yi kumfa ko fumfuna, a binne ta, kada ko harshe ya taɓa.

Tsarabar hunturu

A watan Disamba na shekarar aka yi bikin 'yar baffana a Kura. Na naɗe kwalabe huɗu a cikin kayana na rungume jakar tun daga Jambutu. Bayan an watse, ana sanyin nan na Kano mai fasa leɓe, na shiga ɗakin Hajiya Kaka na ajiye mata ɗaya. Ta ce, "Wannan kuma wane magani ne?" Na ce bashi na zo biya. Murfin ya yi ƙara da na ɓalle shi, ƙanshin ya cika ɗakin. Na zuba mata a kan kindirmo. Ta kai cokali ɗaya, ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan na gindin rijiya ne." Haka ne kuwa, bishiyar a gefen rijiya take. Sai ta shiga ba ni labarin ranar da ta dasa ta, da yadda Kakana ya ce ba za ta yi ba domin awaki. Ashe ma shekara uku ke nan ba ta iya shan wanda muke aikowa, saboda haƙora sun tafi kuma zaren na damunta, ba ta dai faɗa ba ne don kada Baba ya daina aikowa. Ragowar kwalaben matan gidan suka kaɗa da ɗan sitaci a wuta a ranar, suka naɗe a fulawa kamar samosa suka soya wa baƙi. Cikin rabin awa aka gama, faranti ya dawo wayam.

Kammalawa

'Yan uwa, azumin 2022 ya zo a Afrilu, muka yi buɗa-baki da mangwaro har muka gaji. Na 2025 ya zo a Maris, kuma haka zai ci gaba da ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, ya shiga hunturu ya bar mangwaro a baya na tsawon shekaru. Mai son ya ga mangwaro a faifan buɗa-bakinsa sai ya tanada tun bazara. Kakanninmu da suka zo ƙasar nan sun koyi Fulatanci, sun koyi bandar kifi a wurin mutanen kogi, ba su ce abin da suka zo da shi daga gida ya ishe su ba. Ina ganin wannan ma abin koyo ne, musamman ga iyayenmu mata da ƙannenmu masu yin kayan fulawa na sayarwa, da sharaɗin a bi ƙa'ida sau da ƙafa, a tsaya kan 'ya'yan itace masu tsami, a bar nama da kifi da wake ga kilishi da banda da rumbu.

Baba ya ce bana zai ba ni kusurwa ɗaya a shago in jera kwalabe shida mu ga ko za a tambaya. Hajiya Kaka kuma ta aiko cewa huɗu sun yi mata kaɗan. Wanda yake da bishiya a gidansa a Damilu ko Jambutu kuma yake son ya ga yadda ake yi, Mama ta ce ƙofarta a buɗe take, ya zo da kwalabensa da itacen wuta. Kuskuren da ke cikin wannan rubutu nawa ne, a gyara min. Allah Ya sa mu dace, Ya jiƙan magabatanmu, amin.